Yadda Za Ka Je Arba'in Ɗin Amininka Ba Tare Da Gidanka Ya Kife Ba

Mutuwa a ƙasar Hausa ba ta jiran na nesa. Wanda ya cika da asuba, kafin azahar an yi masa sutura, an sallace shi, an kai shi makwancinsa. Kai kana Kano, amininka na tun firamare yana Potiskum, saboda haka a waya za ka ji labari, kana tsakiyar ciniki da mai gyaran famfo. Jana'iza ta wuce ka. Zaman makoki na kwana uku shi ma ya wuce, domin ranar da ka yi niyyar tafiya ita ce ranar da mai gidan haya ya tuna da kai. Saura arba'in, kuma ka yi rantsuwa wannan karon ko ana ha-maza-ha-mata sai ka je. To Malam, matso kusa, da kai nake.

Kafin komai, bincika ko akwai arba'in ɗin ma. Tun da aka kafa Izala a Jos a 1978 ake ja-in-ja a kan sadakar uku da bakwai da arba'in, wasu malamai na cewa bidi'a ce, wasu na cewa addu'a ce da sadaka, babu laifi. Ba ni da hurumin raba wannan gardama, kai ma kada ka raba ta a cikin mota. Abin da ya shafe ka shi ne gidaje da yawa yanzu ranar uku suke sanarwa cewa an haɗe duka, kowa Allah ya ba shi lada. Kira ƙanin mamaci ka ji daga bakinsa. Babu daɗi mutum ya yi tafiyar fiye da kilomita 300 da ƙullin goro a hannu, ya tarar da ƙofar gida fayau, sai awaki. In ma hakan ta faru, gaisuwa ba ta ruɓewa, shiga ka yi abin da ya kawo ka.

Idan ranar ta tabbata, ɓoye ta. Wannan ita ce shawara mafi tsada a duk abin da zan faɗa maka. Ba uwargida za ka ɓoye wa ba, kayan gida za ka ɓoye wa. Kayan gida suna da kunne. Ka furta a tsakar gida cewa ranar Asabar za ka yi tafiya, daren Alhamis tukunyar gas za ta yi tari ta mutu da tuwo a kai. Safiyar Juma'a mitar wuta za ta fara kuka, alhali kwana huɗu rabonku da ganin wutar. Kwata za ta toshe ta juya gidan maƙwabcin da dama ba kwa ga-maciji. 'Yan garuwa za su ƙara kuɗin jarka. Auta kuwa, wanda tun haihuwarsa bai taɓa sa komai a hanci ba, zai zaɓi wannan dare ya tura ƙwayar gyaɗa. In za ka yi maganar tafiya, ja uwargida zaure, ku yi ƙasa da murya, nesa da firiji.

Ita uwargida a shirya mata da kyau, domin ta san mamaci. Shi ne babban abokin ango ranar aurenku, shi ya yi cinikin sayen baki, shi ya zo biko lokacin da ta yi yaji a shekarar farko. Saboda haka ba za ta hana ka ba. Za ta ma share hawaye da bakin mayafi.

"Allah sarki, mutumin kirki. Wallahi Maigida ya kamata ka je. Allah ya jiƙansa."

"Amin."

"To, shinkafa dai ta ƙare."

Kada ka yi gardama, kada ka ce shekaranjiya ka auno. Tana buɗe baki za ka ji man gyaɗa ya bi shinkafa, sabulu ya bi man gyaɗa, zubin adashi ya faɗo ranar Lahadi, kuma 'yar ƙanwarta ta haihu, ba a zuwa barka hannu rabbana. Dabarar ita ce ka raba kuɗinka gida uku tun kafin ka shigo. Kashi ɗaya a aljihun gaba, shi za ka zaro gaba ɗaya a gabanta, ka zazzage aljihun ta ga zarensa. Kashi na biyu na mota da gaisuwa. Na uku, kuɗin komowa, a naɗe shi a cikin hula. Ta san da na hular, tun ba yau ba ta sani, amma akwai mutunci tsakaninku, ba za ta ambata ba muddin na aljihun gaba ya yi kauri.

Sai tsofaffin 'yan ajinku na WhatsApp. Ranar rasuwa kowa ya rubuta Innalillahi, wani ya ɗora hoton mamaci sanye da kayan makaranta, aka yi ittifaƙi za a ɗauki bas guda a tafi tare. Kada ka dogara da wannan bas. Babu ita. Alhajin da ya ce zai zuba mai zai tafi Abuja taron gaggawa, wanda ya ce zai tuƙa ƙafarsa za ta kumbura, ma'aji zai ce ya tura kuɗin amma sabis ne ya riƙe. Ƙarshenta kai kaɗai za ka tsaya a titi, kuma duk wanda bai je ba zai ce ka isar masa da gaisuwa, ka ambaci sunansa da kyau.

Tufafi kuwa, a bar babbar rigar shadda mai aiki a akwati, ba ɗaurin aure za ka ba. Amma kada ka sa wadda ta koɗe har dangin mamaci su fara tunanin kai za a taimaka wa. Farin yadi wankakke ya isa.

Yi sammako. Ka tsaya Mariri ka sayi goro, tunda kasuwarsa a kan hanya take, sannan ka shiga tasha da haƙurinka a hannu. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga nan kuma ba ta waiwayo ba, don haka kuɗin motar da ka sani lokacin da ka je sunan ɗansa na fari, manta da shi. Ɗan kamasho zai tare ka da "saura mutum ɗaya, Alhaji". Leƙa ciki ka duba mutanen da ke zaune. Duk wanda ba shi da jaka, ba ya duba agogo, ba ya tsaki, ba fasinja ba ne, ɗan cike kujera ne, kana biya zai fita ya tafi shan shayi. In da hali ka biya kujerar gaba. In babu, ka shiga tsakiya ku zama huɗu a mazaunin mutum uku, ka ɗauka cewa ladan zumuncin daga nan ya fara.

Hanyar ba baƙuwa ba ce: Wudil, Shuwarin, Kiyawa, Jama'are, Azare, sai Potiskum. Jiha huɗu za ka taka a wuni ɗaya, Kano da Jigawa da Bauchi da Yobe. In ranar ta faɗo Juma'a, ka ƙara wa lissafinka lokaci, domin ranar kasuwar Wudil ce, shanu da tireloli ne ke da titi, ku baƙi ne. Aikin mayar da hanyar tagwaye tun zamanin Obasanjo aka ba da shi, saboda haka wannan ma zance ne da za a yi a mota, kuma kowa a ciki injiniya ne.

Abin da ba a faɗa wa matafiyi shi ne gida yana biyo shi ta waya, gari-gari. Kana hawa gadar Wudil kira na farko zai shigo: mukullin sito yana ina? Yana aljihunka. A Kiyawa za a sanar da kai cewa mai gyaran famfo ya zo, ya kwance komai, ya tafi sayen wani abu, bai dawo ba. A Azare babbar 'yarka ce: "Abba, Umma ta ce a gaya maka Kawu ya zo daga ƙauye da mutum biyu, za su kwana." Amsa ɗaya ce ga dukkansu, ka haddace ta: "To, ina hanya, in na sauka zan kira." Kada ka kuskura ka kashe waya don ka huta. A wannan zamani magidanci ya yi awa biyu wayarsa a kashe a kan hanya, kafin ya kunna an tara maƙwabta, surukarsa ta fara kiran malamai, wani ma ya ce ya ji ƙishin-ƙishin an tare hanya.

Da ka isa, ka cire takalmi a bakin tabarma, ka bi dattawa da musafaha, ka zauna inda aka nuna maka. A ce a yi Fatiha, a shafa. "Ya haƙuri?" "Haƙuri da godiya." "Allah ya gafarta masa, ya sa ya huta." Iyakar jawabinka ke nan, kada ka ƙara da tambayar wace cuta ce, an gaji da ba da wannan labari. Idan aka fara rabon izu sittin don sauka, ka auna kanka da gaskiya. In rabonka da tilawa tun azumin bara, kada ka miƙa hannu da ƙarfi don a ga kai aminin mamaci ne. Kana addu'a Sabbi ta faɗo hannunka, wani dattijo ya riga ya ɗauke ta, kai kuma a miƙo maka tsakiyar Baƙara, almajiri ɗan shekara goma yana gefenka yana jin duk inda ka yi tuntuɓe. Riƙe carbinka, ka yi ta Ƙulhuwallahu, ita ma tana isa inda aka aike ta.

A kan tabarmar nan za ka ji ana ba da labarin wani waliyyi wanda bai taɓa ɗaga murya ba, bai taɓa makara sallar asuba ba. Abokinka ake nufi. Kai ka san wanda ya koya maka tsallake katangar makaranta zuwa kallon fim ɗin Indiya, ka san wanda ya ci bashin mai ƙosai da sunanka. Haɗiye. Wannan labari na bayan gida ne, can gindin darbejiya, inda za ka tarar da mutum biyu ko uku da kuka yi aji ɗaya, kowa ya yi furfura, kowa da ƙwayar hawan jini a aljihu. A nan za ku yi dariyar da ba ta da sauti har hawaye ya zubo, wanda ya hango ku daga nesa ya ce kuka kuke yi. Bai yi ƙarya ba ƙwarai.

Maganar bashi kuma ba ta raha ba ce, ko da yake a nan aka fi ganin abin dariya. Tun ranar jana'iza aka yi shela: wanda yake bin mamaci, ko mamaci yake binsa, ya zo ya faɗa, domin sai an biya bashi ake raba gado. Masu bin sa duk sun zo, wasu har da littafi. Waɗanda yake bi kuwa an nema an rasa. In kana cikinsu, kuma abota mai tsawo da wuya ta rasa ɗan canji a tsakani, ka ja babban wansa gefe ka faɗa, ko ba ka da shi yau. In kai kake bin sa, ka yafe a gaban shaida, da baki, don kada wata rana talauci ya tuna maka.

Daga nan za a yi maka iso cikin gida. Matarsa tana takaba, wata huɗu da kwana goma, ko kuwa har ta haihu in da juna biyu, saboda haka daga bakin ƙofa za ka gaishe ta, a taƙaice. Wajen mahaifiyarsa ne aikin yake. Duk shirin da ka yi na dakewa, tsohuwar nan za ta ɗago kai, ta kira ka da sunan da rabonka da jin sa tun kana yawo ba takalmi, ta ce, "Ashe kana nan? Ɗan'uwanka ya tafi ya bar ka." Ba ni da wata dabara da zan ba ka a nan. Durƙusa ka ce, "Inna, sai haƙuri," in muryar ta fito. Ka tafi da hankici.

Kuɗin gaisuwa a hannunta za ka sa, ko a aika wa mai takaba ta hannun 'yarta. Kada ka ba baffan nan mai babbar murya da ke tsaye a zaure yana ba da umarni, wanda tun ranar bakwai yake tambayar inda takardun fili suke. Za a kawo maka waina ko gumba ta sadaka, ka ci kaɗan, ka karɓi ƙullin da za a ba ka, domin shi ne tsarabar da za ta rufe bakin yaranka.

Za a ce ka kwana. In rana ta yi sanyi, kwana ɗin, hanyar lafiya a bi ta da shekara, Kawu da mutanensa kuma ba inda za su je. In da sauran rana, ciro na hula ka nufi tasha. Amma kafin ka sa takalmi, nemo babban ɗan mamaci, yaron nan da ke ta zirga-zirga da buta tun safe. Tambaye shi ajinsu nawa, shi da ƙannensa, da lokacin da za a koma makaranta. Ka sa lambarka a wayarsa da hannunka, ka sa tasa a taka. Zai kira, kuma ina tabbatar maka ranar da zai kira ita ce ranar da rufin ɗakinka zai fara yoyo. Ka ɗauka, Malam, kada ka bari ta katse.