Jif Ɗaya, Mashawarta Goma

A Soron Ɗinki ba a sayen mota a ɓoye. Da zarar magidanci ya furta a majalisa, bayan sallar isha'i, cewa yana son sauya tsohuwar motarsa da 'yar ƙaramar jif, irin su RAV4 ko CR-V, wadda za ta kwashi iyali zuwa biki ta kuma ratsa ruwan damina, to magana ta fita daga hannunsa. Kuɗin nasa ne, zaɓin kuwa ya zama na unguwa.

Wanda zai fara gyara zama shi ne mai sayarwa tun kafin saye. Shi ba ya tambayar ko kujera tana da daɗi, ko esi yana sanyi. Abin da ya dame shi kawai ranar rabuwa. "Alhaji, Toyota kuɗi ce a ajiye. Ka ce za ka sayar da safe, kafin la'asar an taya." Ka ambaci Hyundai Tucson ko Kia Sportage, sai ya yi salati ya kawar da kai. Ba ƙarya yake yi duka ba, domin duk wanda ya taɓa neman kayan gyara a Ƙofar Ruwa ya san na Toyota da na Honda ba sa wahalar samu. Sai dai in ka bi tasa, ba za ka cire ledar kujeru ba, yara ba za su ci awara a ciki ba, kuma za ka shekara biyar kana yi wa mai saye na gaba gadi.

Kusa da shi akwai masanin waya. Wannan bai mallaki ko taya ba, a Adaidaita Sahu yake zuwa ko'ina, amma ya san RAV4 ta fara fitowa a 1994, CR-V ta biyo baya a 1995, kuma daga ƙirar 2013 ne Toyota ta daina rataya safaya a ƙofar baya. Zai riƙe ka rabin awa yana nuna maka bidiyon yadda motar ke tafiya a kan dusar ƙanƙara, a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40. Abin haushin, a cikin surutunsa akwai abu biyu masu amfani. Ɗaya, motar da aka kawo daga Amurka da mil take ƙirga tafiya, don haka in ka ga 100,000 a mita, kilomita 160,000 ke nan ta ci. Biyu, RAV4 ta 2006 zuwa 2008 mai injin lita 2.4 ta yi suna wajen shan baƙin mai. Amma kafin ya iso nan, mai sayen ya daɗe da yin hamma.

Shi kuwa mai lissafin lita, ana iya cewa ranar 29 ga Mayu, 2023 aka haife shi, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Kafin ranar, shi ne mai cewa namiji ba ya hawan mota sai mai filogi shida. Yau ka ce masa RAV4 ta 2006 zuwa 2012 akwai mai injin lita 3.5, sai ya dafe ƙirji. Filogi huɗu kawai, kuma ko shi ɗin da sharaɗi: ba a kunna esi sai an ɗauko suruki, kuma in an hau gadar Ƙofar Nassarawa a cire giya a gangaro a kyauta. Kwanan nan ya koma wa'azin gas. Ka tambaye shi inda za a sa buhun shinkafa bayan tukunyar gas ta cinye rabin but, sai ya ce ai shinkafar ma yanzu ba a saye da buhu.

Daga nan sai dillalin sa-kai, wanda ba ka kira ba, amma da asuba yana ƙofar gidanka. Duk motar da ke hannunsa tarihinta ɗaya: "Yallaɓai, wata Hajiya ce take hawa, daga gida sai asibiti." Ban san adadin Hajiyoyin nan ba, amma in aka bi ta bakin dillalai, su ne suka mallaki rabin motocin Kano. In ba ta Hajiya ba ce, to "jiya ta sauka daga Kwatano". Ka tuna masa cewa a Janairun 2017 gwamnatin Buhari ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, ka nemi takardun kwastan, sai ya ce suna nan tafe, yaro ya tafi da su. Da yawa daga cikin jif ɗin da ake kawowa daga Amurka a wurin gwanjon motocin da suka yi haɗari ko ambaliya ta shanye ake sayo su, a yi musu kwaskwarima a fesa fenti. Shi ya sa in ka buɗe ƙofa ƙamshin turare ya buge ka, ka ɗaga kafet ka shinshina. Dillali zai ce ka raina shi. Ka ba shi haƙuri, ka ci gaba da shinshinawa, domin la'adarsa ba ta dawowa.

Bakanike kuma ba a zuwa ba shi. Zai zagaya motar, ya shuri taya, ya kara kunne a inji, ya ce, "Lafiya lau take, sai dai..." A cikin "sai dai" ɗin nan abincinsa na shekara yake. Mota mai kyau a wurinsa ita ce wadda ya iya kwancewa. Duk wadda sai an jona mata kwamfuta kafin a gane ciwonta, ya ce ba ta ƙasarmu ba ce. Ranar farko zai ba ka shawarar a cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye, wai Turawa don sanyinsu suka sa.

Akwai kuma mai tsoron idon jama'a, wanda ba ya dogon bayani. Tambayarsa ɗaya: "In ka faka a wurin ɗaurin aure, wa zai juyo?" Da kuɗin CR-V mai ƙuruciya zai sa ka sayo Lexus RX300 da ta girmi babban ɗanka. Za a juyo kuwa, musamman ranar da ake tura ta.

Duk wannan hidimar, akwai mutum ɗaya da ba a tambaya, ita ce uwargida, kuma ita kaɗai ke da tambayar da ta shafi mota. "Baban Khalifa, mu nawa ne a gidan nan?" Ƙaramar jif mutum biyar take ɗauka har da direba. Yara shida ne, ga ƙanwar maigida, ga kulolin abinci ranar suna, ga Inna da gwiwa ba ta barinta hawa abu mai tudu. In gidan mai mata biyu ne, akwai batun kujerar gaba, wanda babu injiniyan Japan da ya taɓa warware shi. Maigida zai ce ta bari, harkar mota ta maza ce. Bayan wata uku za ka gan shi yana sawu biyu zuwa gidan biki ɗaya, mai lissafin lita yana kallonsa yana girgiza kai.

Na ƙarshe shi ne mai sayen da kansa, ranar da ya taho da mota. Ya yi ciniki, an sallama, ya biyo titi yana danna oda, yara suna bin sa da gudu, sai ya iso bakin lungunsu ya taka birki. Lungunan cikin ganuwa an fitar da su ne tun ana tafiya a ƙasa da kan jaki, ga kwata a tsakiya, ga dakali hagu da dama, ga mai ƙosai a kwana. Faɗin RAV4 ko CR-V ya kai kusan mita 1.8, ban da madubai. Majalisa ta yi sati uku tana muhawara a kan Toyota da Honda, babu wanda ya tuna da wannan, alhali a bakin lungun suke zama. Daga ranar, jif a bakin titi take kwana, ko a wani fili da ake biyan maigadi duk wata. Motar da aka saya don kada ruwa ya taɓa iyali, ga shi ana sauka a titi, a naɗe ƙafar wando, a saɓa yara a kafaɗa a ƙarasa gida. Ranar hawan sallah kuma, in dawaki da 'yan kallo suka cika hanya, sai a nema mata mafaka tun da safe, don kada a wayi gari babu madubi.

Saboda haka ɗan'uwa, in kai ne na gaba, kafin ka je wurin masu sayar da motoci ka ari tef a wurin tela ka auna lungunku daga dakali zuwa dakali. Ka ƙirga mutanen gidanka, ka tafi da Hajiya ta zauna a ciki ta gani, kuma kada ka biya ko sisi sai takardun kwastan sun zo hannunka.