Sai An Wanke Hannu Ake Gane Mutum

Mai son sanin halin mutanen Gobir, daga Sabon Birni har Isa, ba sai ya je fada ko kotu ba. Ya samu benci a rumfar mai tuwo ta bakin tasha, ya jira a gama ci. Lokacin ci kowa ɗaya ne. Malami da ɗan kamasho, dillalin albasa da direban da ya kwaso fasinja daga kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis, duk kai a sunkuye, hannu na kai da komo tsakanin malmala da miyar kuka. Sai an wanke hannu, Hajiya mai tuwo ta faɗi kuɗi, sannan jama'a ke rarrabuwa gida-gida.

Na farko shi ne mai laluben aljihu. Tare suka zo da abokinsa, shi ya ce a ƙaro nama, amma da an zo biya sai babbar rigarsa ta zama daji. Ya duba aljihun dama, ya koma na hagu, ya ɗaga riga ya shiga na 'yar ciki, bakinsa na faɗin "a'a wallahi bari, ni zan biya", idonsa kuwa na kan hannun abokin. Da kuɗi sun shiga hannun Hajiya, nan take nasa ke bayyana. Ƙanensa shi ne mai taransifa, ɗan zamani, wanda ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya haifa. Ya ɗaga waya sama, ya juya gabas, ya ce sabis ne ba ya tafiya. Matsalar ita ce a yankin nan uzurin ya taɓa zama gaskiya, domin a watan Satumbar 2021 an katse layukan waya ɗungurungum a Isa da Sabon Birni saboda 'yan bindiga. Layi ya daɗe da dawowa, uzurin dai bai tafi ba.

Akwai mai gyara, wanda lissafinsa ya fi na kowa. Miya ta ƙare tuwo ya saura, "Inna, a ɗan ɗiga miya." Tuwo ya ƙare miya ta saura, "a ɗan gutsuro abin da zan lashe ta da shi." Haka zai ci kwano biyu a kuɗin ɗaya, ba tare da ya taɓa cewa a ƙara masa abinci ba. Kusa da shi mai suka yake zaune, wanda ba ya gano gishiri ya yi yawa sai ya suɗe kwano tas. Sai baƙon da ya tsallako daga wajen Maraɗi da sefa a aljihu, wanda zai mai da rumfar tuwo kasuwar canji, shi da Hajiya kowa da nasa farashin. An rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, an buɗe a Maris na 2024, gardamar ba ta san an yi ba. Bayarabe kuwa, in Allah ya kawo shi da mota, ba ya ɓoye niyyarsa. Zai ce Bagobiri bawansa ne, ina aka taɓa jin ubangida ya biya? A yi dariya, a rama masa, ya biya har da na ɗan kamasho. Cikin duk taron shi kaɗai ke cewa ba zai biya ba, kuma shi ya fi saurin biya.

Za a ce wannan rashin tausayi ne, mutanen da hare-hare suka raba da gonakinsu na fadamar Rima, tsadar hatsi ta biyo baya, ina laifin wanda ya yi dabara don ya ƙoshi? Maganar tana da nauyi, sai dai ba ta faɗa kan waɗannan ba. Wanda ba shi da shi da gaske ba ya wasan kwaikwayo. Yakan matso kusa da tukunya ya yi ƙasa da murya, "Hajiya, yau dai sai haƙuri", ita kuma ta zuba masa, sau da yawa har da tsoka, ba ta rubuta ko'ina ba. Mai laluben aljihu kuwa da sabon babur ya zo. Wani zai ce to ai laifin Hajiya ne da take biye musu. Wannan bai san sana'ar ba. Ta fi kowa sanin wa ke ci da wa ke biya, kuma tuni ta daidaita ludayinta: malmalar mai gyara tun daga tukunya take fitowa a rame, naman mai suka kullum ƙashi ne, mai taransifa kuwa ba a miƙo masa ruwan wanke hannu sai wayarta ta yi ƙara.