Mazhabar Suwidin a Titunan Jidda

Malaman fiƙihu, Allah ya saka musu da alheri, ba su bar matafiyi cikin duhu ba, gama sun bayyana masa nisan da zai yi ƙasaru a cikinsa, da lokacin da ya halatta ya ajiye azumi, da yadda zai yi taimama in ruwa ya yanke masa a jeji. Amma duk binciken da na yi a littattafan da na gada wurin mahaifina, ban tarar da babin mutumin da ya kama sitiyarin mota a ƙasar da ba tasa ba, alhali kuwa a zamanin nan babu musafirin da ya fi shi bukatar fatawa. Dalili shi ne kowane birni da mazhabarsa ta tuƙi, da farillanta da sunnoninta da abubuwan da ta karhanta, kuma ba a rubuta su a allon gefen titi, sai dai a sha su a nono.

Ni a Kano na yi karatun farko, tsakanin Ƙofar Nasarawa da Sabon Gari, inda odar mota ita ce sallama, ita ce gaisuwa, ita ce kuma zagi in hali ya yi. A kan wannan na girma, ban taɓa shakkar ingancinta ba, sai shekarar da na kai wa ɗana ziyara a ƙasar Suwidin, inda yake neman ilmi a Jami'ar Upsala, wadda aka kafa tun 1477. Muka yi hayar mota a Sitokhom, birnin da aka shimfiɗa bisa tsibirai 14, na fito titi da rana tsaka na ga kowace mota da fitilarta a kunne, har na rage murya ina tambayar yaron ko wani babban mutum ne ya rasu. Ya ce a'a, doka ce tun 1977. Na ga tsohuwa ta ɗora ƙafa ɗaya a layin masu tsallakawa, manyan motoci da ƙanana suka tsaya cik har ta haye tana jan karenta. Tun daga Sitokhom har Upsala, tafiyar wajen kilomita 70, kunnena bai ji oda ba. Abin da ya ƙarasa sace mini zuciya kuwa labarin yadda suka koma tuƙin hannun dama: a 1955 an tambaye su da ƙuri'a, kashi 83 cikin ɗari suka ce ba su so, amma da hukuma ta zartar, ranar 3 ga Satumba 1967, ƙarfe biyar saura minti goma na asuba, duk wanda ke bisa titi ya tsaya, ya gangara ɗaya gefen a hankali, ya jira biyar ta buga sa'an nan ya ci gaba. Mu da muka yi tamu sauyawar ranar 2 ga Afrilu 1972, dattawan tasha suna da labarai iri-iri a kanta, ba kuwa duka ne na ladabi ba. Na komo gida na zama mai wa'azin wannan mazhaba, har abokaina na majalisa suka riƙa tuna suna da uzuri a gida da zarar na ce «a Suwidin».

Da wannan aƙida a ƙirjina na sauka Jidda bayan mun gama Umra, ni da uwargida, muka yi masauki a unguwar Hindawiyya, kafin rusau ɗin da ya ci tsofaffin unguwannin kudancin birnin a 2022. Mai masaukinmu Gwaggona ce, ƙanwar mahaifina, wadda aka kawo ƙasar tana amarya ta hanyar ƙasa, ta Cadi da Sudan, suka ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin cikin jirgin ruwa na itace, ta zauna nan har ta ga jikoki. Wata la'asar muka ƙudura zuwa bakin teku, mu ga maɓuɓɓugar Sarki Fahad da ke cilla ruwa sama mita 312, mu yi magariba a can. Jikanta, saurayi haifaffen Jidda, mai Hausa rabi Larabci rabi, ya ɗauko mabuɗi. Na miƙa hannu na karɓe, na shaida masa cewa wanda ya yi tuƙi a ƙasar da ta fi kowace kiyaye doka ba zai zauna a baya yaro ya ja shi ba. Ya dubi kakarsa, kakarsa ta dubi sama, muka shiga.

Na yi basmala, na kunna fitila bisa sunnar mutanen Sitokhom. Ba mu yi nisa ba wani bawan Allah ya jero da mu, ya sauke gilashi, ya yi ta nuna mini gaban motata da tausayi. Na ɗaga masa hannu, na bar shi da jahilcinsa. Can gaba na hangi wani mutum tsaye a bakin titi yana duban motoci, na taka birki na tsaya masa, na yi masa ishara da ya haye cikin aminci. A bayana kuwa sai ka ce an busa ƙaho. Mutumin ya tako, maimakon ya tsallaka sai ya leƙo ta taga ya ce, «Bab Makka, kam?» Yaron ya rufe fuska ya ce, «Baffa, wallahi ya ɗauka kabu-kabu kake yi, a nan ba mai tsayawa sai mai neman fasinja.» Uwargida ta ce, «Malam, ko riyal goma ne ka karɓa mana, a rage kuɗin mai.»

Yadda muka kai shataletalen Keke, Allah kaɗai ya sani, domin duk wanda ya san Jidda ya san babu abin da ya haɗa mai zuwa bakin teku daga Hindawiyya da wannan wuri. Abin da zan iya shaidawa shi ne yaron yana cewa «yasar, Baffa, yasar», ni kuwa duk sa'ad da na nemi karkata hagu sai in tarar da wani ya riga ni, in bar masa saboda ladabi, hanya ta wuce da mu. Ya kamata mai karatu ya san cewa mutanen Jidda ba su cika yin kwatance da sunan titi ba, sai da abin da aka girke a mahaɗa. Tsohon magajin garinsu Muhammad Sa'id Farsi, wanda ya karɓi birnin a 1972, ya cika shi da sassaƙe-sassaƙen gwanayen duniya irin su Henry Moore da Joan Miró, ya kuma sa wani magini ɗan Sifen, Julio Lafuente, ya ƙera masa abubuwa da dama, ciki har da wani keke mai tsawon mita 15 da aka haɗa da tsofaffin ƙarafa. Ga mai kallo daga kujerar baya abin sha'awa ne ƙwarai.

Nassin shataletale ɗaya ne kusan a ko'ina, wato na ciki shi ke da haƙƙi, na waje ya jira. Na tsaya a bakinsa ina jira, kamar baƙuwar kaza a ƙofar akurki, ina sauraron wani gibi da zai buɗe bisa ƙa'ida, ban sani ba ashe ijma'in mutanen garin ya tafi a kan cewa haƙƙi na wanda hancin motarsa ya riga shiga ne, kuma gibi ba jiransa ake yi ba, ƙirƙirarsa ake yi. Waɗanda ke bayana suka gaji da oda suka fara zagaye ni dama da hagu, kowa in ya zo daidai da ni sai ya tattara yatsunsa ya girgiza, ko ya buɗe tafin hannu sama yana tambayar Ubangiji laifin da ya yi aka haɗa shi da ni. Yaron ya ce, «Baffa, yalla, rufe ido ka shiga!» Ban rufe ido ba, amma na shiga, igiyar motoci ta ɗauke mu ta kai mu layin can ciki, jikin Keken, inda shiga ke da sauƙi fita kuwa sai da ceto. Na kunna sigina ina neman izini, wanda a wurinsu sanarwa ce ga na baya ya matso ya toshe. Muka zagayo, muka sake zagayowa, har na san kowane ƙarfe na tayar baya, har uwargida ta ce juwa take ji. Gwaggo, wadda tun fitowarmu ba ta ce uffan ba sai jan carbi, ta gyara zama ta ce, «Ɗan nan, ko ɗawafi ne ai bakwai ake yi a tsaya, balle keke.»

Wannan magana ta farkar da Bakanon da ke barci a cikina. Na danna oda da hannu biyu, na kutsa, aka buɗe mini kamar an san ni. Sai dai ƙofar da na fita ta gabas ce, teku kuwa yana yamma. Ba mu ankara ba muka hau babbar hanyar Haramaini, inda na ga allon iyakar gudu na tsaya a kansa daram, manyan motoci suna wuce ni suna walƙa fitilu, kowace mafita kuma in na hango ta sai in tarar akwai layuka uku na ƙarfe tsakanina da ita. Gidaje suka fara ƙaranci, duwatsu baƙaƙe suka bayyana, alluna suka koma ambaton Makkatul Mukarrama kaɗai.

Nan fa sabuwar mas'ala ta taso, wadda ta fi ta titi nauyi. Uwargida ta ce ita ta karanta cewa ba a shiga Makka sai da harami, in ban da masu yawan kai da kawo irin masu itace. Ni kuwa ga ni cikin babbar riga da hula zanna, ko wanka ban yi ba. Na amsa mata, idona bisa titi, cewa ayyuka da niyya suke, mu kuwa ba mu yi niyyar Makka ba, tilasta mu aka yi, wanda aka tilasta kuma babu laifi a kansa. Ta ce wa ya tilasta mu, tun da ƙafata ce bisa totur? Na kawo ƙiyasi da wanda ambaliya ta ɗauka. Ta ce wanda ambaliya ta ɗauka bai ƙwace mabuɗi a hannun yaro ba. Gwaggo ta raba gardamar da cewa su da suka taho daga Kano a bayan jakuna da manyan motocin Sudan, babu allo babu taswira, ba su taɓa nufin teku suka tsinci kansu a hanyar Makka ba, sai dai su nufi Makka su tarar da teku.

A Bahra, wajen tsakiyar hanya, Allah ya kawo mafita ta gefen da nake. Muka tsaya a wani gidan mai, muka yi magariba a masallacinsa, muka sha shayi da na'ana'a. Da muka fito na ji gwiwata ta dama tana ciwo, lalura kuwa tana halatta abin da aka hana, saboda haka na miƙa wa yaron mabuɗi, na koma baya kusa da Gwaggo. Ya mayar da mu cikin gari yana tuƙi da hannu ɗaya, yana ratsa wuraren da ni da na rantse akuya ba za ta wuce ba, babu wanda ya yi masa oda, shi ma bai taɓa kowa ba. A bakin teku muka wuce wani katafaren dunƙulen siminti da motoci suka nutse a jikinsa, wata ta gaba wata ta baya, aikin Lafuente ɗin nan ne dai, an yi shi don jan kunnen masu ganganci. Uwargida ta ɗauka gaske ne, ta fara salati tana tambayar ko an fitar da mutane. Gwaggo ta ce ta kwantar da hankalinta, wani ne ya tsaya wa mai tsallakawa bisa mazhabar Suwidin. Ruwan Sarki Fahad kuwa mun gan shi bayan isha, fari fat cikin hasken fitilu, har da masu sayar da balila a gefe.

Har gobe ina kan cewa hujjar mutanen Sitokhom ta fi ƙarfi ta fuskar nassi, ba kuwa zan janye ba ko a gaban alƙali; amma mu Malikawa mun san matsayin aikin mutanen gari a wajen fitar da hukunci. Saboda haka, ya kai mai karatu, in ka sauka Jidda aka miƙo maka mabuɗin mota don girmamawa, ka yi godiya, ka tambaya ko akwai yaro mai lasisi a gidan. In kuwa Makka ka nufa da gangan, jirgin ƙasan Haramaini yana aiki tun 2018, shi kuma ba ya bi ta Keke.