Jinjina Ga Tallafin Ambaliya

Allah ya ja zamanin Tallafin Ambaliya, sarkin natsuwa, mai takun ƙasaita, baƙon da ba a taɓa kama shi da laifin gaggawa ba. Ruwa kan shanye shinkafar Auyo da Kafin Hausa da Kirikasamma a ƙarshen damina, shi kuwa gogan sai ya dakata ƙasa ta bushe, hunturu ya shigo, manomi ya sayar da akuyarsa ta ƙarshe, sannan ya iso cikin jerin gwanon motoci. Haka manya suke zuwa.

A 2022 ambaliya ta hallaka sama da mutum 600 a Najeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, Jigawa kuma tana cikin jihohin da suka fi jin jiki. Ba a ɓoye abin ya zo ba. Kowace shekara hukumomin NiMet da NIHSA sukan fitar da hasashen damina tun kafin a yi shuka. An san ciyawar kachala ta daɗe tana toshe hanyar Kogin Haɗeja, an san abin da kan biyo baya idan madatsun Tiga da Challawa suka tumbatsa. To amma dubi zurfin tunanin magabata: idan aka tare ruwa tun daga sama, ina talaka zai ga karamcin gwamnatinsa?

Babbar karamar tana cikin jerin sunaye. Takarda ce mai albarka, wadda ke mayar da wanda bai taɓa riƙe fartanya ba manomin fadama a dare ɗaya. Ƙanin kansila yana ciki, da direban shugaban jam'iyya, da surukin mai rubuta sunayen, kowa da asararsa mai ban tausayi. Malam mai kadada biyu da ruwa ya share, shi an girmama shi da jarrabawa: ya kawo lambar BVN, da asusun banki, da hoto, ya biya kuɗin mota zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma, a ce masa ya dawo jibi. Wace makarantar haƙuri ce ta kai wannan, kuma kyauta?

Ranar rabo kuwa sai wanda ya gani. Ga rumfuna, ga lasifika, ga maroƙa, ga masu ɗaukar hoto. Buhunan an jera su reras, kowanne ɗauke da fuskar mai bayarwa, don kada mai ci ya manta da wanda zai yi wa addu'a. Bayan jawabai sai a miƙa wa mutumin da ya rasa abincin shekara kwanon masara, da ƙullin taliya, da tabarma, da gidan sauro. Masu hikima sun lura cewa yawan abinci yana kawo kasala, shi ya sa aka auna masa daidai abin da zai ba shi ƙarfin tafi.

Sauran kayan, da kuɗin da aka ji a rediyo, suna nan a killace, an kafa kwamiti mai ƙarfi ya gano inda suka kwana, an kuma ware masa alawus ɗin zama. Mai bashin taki da iri ne kaɗai ya rasa tarbiyya a duk yankin, don shi tun ruwa bai janye ba ya yi sallama a ƙofar gida.