Mutum-mutumin da Ake Tambaya Ko Riga Ta Yi

Na san abin da za ka ce, Malam. Kai da ka shekara ashirin kana zaɓen rigar sanyi a gwanjon Ƙofar Wambai, wane Bature zai koya maka? Ka ɗaga ka ji nauyi, ka matsa da hannu, gwaji ya ƙare. To, gyara zama ka ji yadda masu ƙanƙara ke yin nasu, dariyar ta biyo baya.

A Turai, kayan aikin da aka ɗinka don sanyin da ya wuce digiri 5 ƙasa da sifili, da ƙa'idar EN 342 ake auna su. Alƙalin kuwa mutum-mutumi ne, jikinsa duk wayoyin lantarki, ana riƙe fatarsa a digiri 34 kamar taka. A sa masa rigar, a kai shi ɗaki mai sanyi, ya yi ta tattaki a wuri guda yana wurga hannu da ƙafa, don motsi na korar ɗumi ta wuya da bakin hannu. Sai a duba mita. In ya zuƙe wuta da yawa kafin ya riƙe ɗuminsa, rigar ta faɗi.

Ka ce gunki ba ya jin sanyi? Ai shi ya sa aka ɗauke shi aiki! Kai ne a tsakiyar hunturu, haƙora na kaɗawa, a tambaye ka ka ce lafiya lau, don kada a ce ka yi raki. Tun shekarun 1940 sojojin Amurka suka ƙera nasu na jan ƙarfe, bai taɓa cika musu baki ba. A 1941 ma aka fito da ma'aunin da ake kira clo, ba kilon mai nama ba: clo ɗaya shi ne ɗumin kwat da wando ga mai zaman ofis a digiri 21.

Sannan a gwajin na EN 342, a hura iska ta cikin yadin, a ba shi aji 1 zuwa 3, na ukun ya fi tare ta. Nan ne nauyin da kake taƙama da shi ke kunyata ka, don iskar da ta maƙale cikin riga ce ke riƙe ɗumi, jibgegiyar taka kuwa iska na ratsa ta kamar rariya.

Yaron nan naka mai ɗaukar kwalin kifi a ɗakin ƙanƙara, ce masa ya juyo cikin rigarsa mu ga ko akwai tambarin ƙanƙara da lambobi. Kai dai matsa can da hannun nan naka.