Maharban Teburin Mai Shayi

Tun da bidiyon Yusuf Dikec ya zagaya wayoyin mutane a 2024, teburin mai shayinmu na Gangare a Jos bai sake zama lafiya ba. Mutumin Turkiyya ne mai shekara 51 a lokacin. Ya tsaya a gasar Olamfik ta Paris da 'yar shat, hannu ɗaya a aljihu, tabarau irin na karanta jarida, shi da abokiyar harbinsa suka ciyo azurfa da ƙaramar bindigar iska daga mita 10. Wasu abokan karawarsa kuwa sun sha kayan ido da na kunne kamar masu walda. Daga ranar, duk maharbin da ke shan shayi a nan ya ga kansa a jikin Yusuf, har da waɗanda rabonsu da kayar da ko gafiya tun ana kashe kwabo.

Sarkinsu shi ne Mai Madubi. Ya shiga 'yan gwanjo a Katako ya tsinto tsohon madubin hangen nesa mai ido biyu, ya raba shi gida biyu, ya ɗaure ɓari ɗaya a kan bindigar tokarsa da robar tayar keke. To ita bindigar toka shuri gare ta kamar jakin da aka taɓa wa wutsiya. Harbi ɗaya, sai ka tarar madubi na kallon Naraguta, bakin bindiga na kallon Bukuru. Ran da ya fara gwadawa ya dawo da ido a kumbure, ya ce wa uwargida rina ce ta harbe shi. Amma ka ji shi yana ba da labari: wai yana ganin zabo tar, har yana ƙirga zanen jikinsa. Zabon yana nan da ransa a duwatsun Shere, ina jin har ya yi jikoki. Na taɓa ce masa, Malam, ai a Olamfik ma an hana ɗora madubi mai jawo abu kusa a kan doguwar bindiga. Ta 'yan ƙananan kafofi biyu suke leƙe, a gasar mita 10 su nemi ɗigon da faɗinsa rabin milimita ne, har sau 60. Ya kurɓi shayi ya ce, "Shi ya sa ba ka taɓa jin Bature ya kawo zabo gida ba."

Kusa da shi Mai Ƙota yake zama. Wannan ba ruwansa da harbi, itace ya dame shi. Shekara uku yana yawo wurin 'yan katako yana shinshina maɗaci, yana ƙwanƙwasa kirya ya ce ta yi nauyi. Da aka sassaƙa masa gindin bindigar, ya shafe ta da man kaɗanya, ya jera mata ƙusoshin tagulla, ya kai wa dukawan Naraguta suka ɗinka mata riga. Daji? Allah ya kiyaye, ƙaya ta karce ta! In hunturu ya sauko, ita ke kwana cikin bargo, yara su yi maneji da zanen uwarsu.

Mai Laya ba sai an daɗe a kansa ba. Layu sun rufe bindigar har ba ya ganin inda yake saiti, kuma duk zomon da ya tsere masa ba zomo ba ne, mutanen ɓoye ne suka zo gwada shi.

Wanda na fi jin daɗin hirarsa Mai Uzuri ne, don shi bai taɓa kuskure ba tun da uwarsa ta haife shi. In da damina ne, albarushi ya sha sanyi. In da rani ne, hazo. Ran da babu ko ɗaya, maƙeri ne ya cuce shi, kuma ya canza kunamar bindigarsa sau huɗu a hannun maƙera huɗu, dukansu yanzu ba sa ga-maciji da shi. Kwanaki wani ɗan jami'a ya yi kuskuren gaya masa Jos na bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga teku, iskarta ba ta da kauri. Shi ke nan, an ba mai kaza kai. Yanzu da kimiyya yake ɓarar da harbi.

Sai Malamin Waya, wanda ko danƙo bai mallaka ba. YouTube ne dajinsa. Zai gaya maka bindigar iska ta gasa ba ta wuce kilo 5.5, ƙwayar harsashinta milimita 4.5, ya karanto maka cewa dokar makamai ta 1959 ta ba kwamishinan 'yan sanda ikon cewa ko bindigar toka sai da lasisi. Duk gaskiya ne, abin haushin ke nan. Rannan yana tsakiyar koya wa maharba yadda ake riƙe numfashi, salansar wata Keke ta yi tusa a bakin titi. Sai a ƙarƙashin benci muka same shi, wai takalminsa yake nema.

Can ƙarshen benci Baba yake, da shayinsa ba madara. Bindigarsa ta girmi rabin mutanen teburin, gindinta ya tsage an ɗaure da waya, lasisinsa a ninke cikin leda a aljihun gaba. Yakan fita da asuba, kafin azahar ya dawo da fakara biyu a burgami, ba kirari, ba labari. Da musu ya yi zafi aka miƙa masa waya da bidiyon Yusuf.

"Baba, me ka gani game da mutumin nan?"

Ya daɗe yana kallo, ya nisantar da wayar, ya sake matso da ita.

"Yaron ya iya tsayuwa," in ji shi. "Amma takarda ba ta tashi sama."

Sai ya juya wurin Mai Madubi. "Ɗana, ara mini gilashin nan naka mana. Wata ƙaya ce ta shige mini a dunduniya tun jiya, na kasa ganinta."