Likitocin kwamin wanka

Ranar da ruwan kwamin wanka ya koma kamar miyar kuka, ranar ake sanin gida cike yake da masana.

Mai fara isowa Malam Ƙara-Magani ne. Ruwa ya yi kore, ya yi fari-fari, ya yi ja, fatawarsa ɗaya: a ƙara kulorin. Ka ce masa ruwan burtsatse ne mai ƙarfe, kulorin ɗin ne ma ya fito da launin tsatsa, sai ya ce to bai ji ba ne, a ƙara. Bayansa sai Gwaggo A-Zubar-A-Sake, wadda ba ta taɓa biyan kuɗin tanka ba.

Gwanina dai Alhaji mai gida. Ya kashe dukiya ya gina kwami, har da fitilu a ƙarƙashin ruwa, amma injin da ke zagayawa da ruwan ta mataci shi ne abokin gabarsa. Injin na son kamar awa 8 a rana, Alhaji ya yanka masa tsawon shan shayi. Da ya ji janareto ya sauya murya sai ya zura silifas, ya lallaɓa ya kashe injin, ya dawo yana gyaran murya. Yashin mataci kuwa tun ranar tarewa bai ga wanki ba. Gansakuka ta samu ruwa a tsaye ga rana, me za ta jira? Alhaji ya goya hannu a baya ya ce, "Ruwa ba ya tsami banza." Gaskiya ne, sai dai shi ƙurar hunturu yake zargi, da mai gadi, da bakin maƙwabta. Daga nan ya aika a sayo alif. Datti ya kwanta, sama ta yi garau, ya kira iyali su shaida. A ce masa sai an zuƙe na ƙasan, ya ce wannan kuma almubazzaranci ne. Mutum ɗaya ya faɗa, kunu ya dame.

Akwai kuma mu 'yan takardar gwaji. Mu tsoma, mu ɗaga sama, mu sanar da jama'a cewa pH ya kai 8 alhali 7.2 zuwa 7.6 ake so, kulorin ba ya kamawa a haka. Sai mu koma inuwa. Burushin goge bango ba fanninmu ba ne.

Duk waɗannan ana shan dariya da su. Wanda ba na yi wa dariya shi ne Kawun da ke kwaso yara ranar Sallah, ya leƙa ruwan da ba a ganin ƙasansa ya ce, "Ku shiga, mu a kududdufi muka koya." Yaro ya nutse a irin wannan ruwa, kana tsaye a bakinsa ba za ka gan shi ba. In ba ka hango tayil ɗin ƙasa daga inda kake, ka sa kwaɗo a ƙofar kwamin, Kawu ya yi fushinsa.